Mutum Biyar a Takarda

Shekara goma sha ɗaya Hulita da mijinta Manase suka yi a gidan hayarsu na unguwar Mount Druitt a birnin Sydney na Ostareliya kafin a aiko musu da notis. Mai gidan ya sayar. Waɗanda suka saya kuwa filin suke so, za su rushe ginin su jera ƙananan gidaje shida a wurin. Aka ba su wata uku su tattara nasu ya nasu.

Gidan ɗaki uku ne, su kuma su tara. Akwai ita da Manase, da 'ya'yansu uku da ke makaranta, da babban ɗansu Saia da matarsa Lupe da jaririyarsu, waɗanda suka mayar da gareji ɗakin kwana. Na taran shi ne mahaifin Hulita, Baba Siaosi, wanda ta ɗauko daga ƙasarsu, tsibirin Tonga, bayan rasuwar mahaifiyarta. Ɓarin jikinsa na hagu ya taɓa shanyewa, yana tafiya da sanda yana jan ƙafa, amma kansa garau yake, bakinsa ma haka. Tsohon mai gidan bai taɓa tambayar su nawa ne ba. A gabansa yaran suka girma, duk Kirsimeti kuma sai an kai masa ƙunshin ganyen gwaza da nama.

Da farko Hulita ba ta tayar da hankalinta ba. Har ta ce wa Manase wata ƙila alheri ne, dama sun matsu, sai su nemi babban gida kowa ya miƙe ƙafa. Su huɗu ke aiki a gidan, ba su taɓa saɓa ranar biyan haya ba. Wa zai ƙi su?

Ranar Asabar ake duba gidaje. Kowane gida minti goma sha biyar ake buɗe shi, wanda ya makara ya makara. Hulita takan jera su a takarda tun daren Juma'a: ƙarfe tara Rooty Hill, tara da rabi Doonside, goma da kwata Blacktown. Manase na tuƙi, ita tana riƙe da waya tana faɗa masa hanya, suna cacar baki a kan kowace kwana. Duk inda suka je sai sun tarar da layi har bakin titi. Ga Indiyawa, ga 'yan Sudan, ga Turawa da karnukansu a mota, ga kuma 'yan uwansu na tsibirai waɗanda gira kawai ake ɗaga wa juna, don kowa ya san abin da ya kawo ɗan uwansa. A shiga a jere, a leƙa ɗakuna, a buɗe famfo, a fito.

“Wannan ne ɗaki na biyar?” in ji Manase a wani gida, yana leƙa wani ɗan lungu kusa da kicin. “Ai ko kaza ce sai ta shiga da baya.”

“Rage murya, dillalin na jin ka.”

“To ya ji mana. Ƙarya na yi?”

“Manase, don Allah. Gida muke nema, ba dariya ba.”

A gidan kula da tsofaffi Hulita ke aiki, daga shida na safe zuwa biyu da rabi. A ɗan hutun da ake ba su na rabin awa take cike fom a waya, shayinta na hucewa a gefe. Suna, wurin aiki, takardar albashi, wanda zai tsaya maka. Sai a zo layin da ke tambayar mutum nawa za su zauna a gidan, ta rubuta tara. Bayan kwana biyu ko uku amsa ta zo, kullum da lafazi mai daɗi, cewa an gode amma an bai wa wani. Wasu ma ko amsar ba sa aikowa. Gida goma sha tara ta nema a haka. Ƙafafunta suka fara kumbura, ta daina cin abincin rana, in ta dawo gida sai ta zauna a mota a ƙofar gida na ɗan lokaci kafin ta iya shiga.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, yayar Manase, Kalolaine, ta biyo su cin abinci. Ita ce babba a ɗakinsu, maganarta kuwa ba ta faɗuwa ƙasa a gidan ƙaninta. Gidanta na kanta ne a Granville, tun zamanin da gidaje ke da araha suka saya. Aka zuba mata doya da rogo da haƙarƙarin rago, ta ci ta sha, sannan ta ce a ba ta wayar ta ga fom ɗin da ake ta faman cikewa.

“Tara?” Ta ɗago ta dubi Hulita ta saman tabarau. “Da hannunki kika rubuta tara? To ai ko ni ce mai gida na ga tara, sai na ɗauka 'yan ƙwallo ne za su tare.”

“To mu tara ne, Yaya.”

“Na ce ba ku kai ba? Ke dai gaskiyarki ta yi yawa. Ki rubuta biyar.”

“Ƙarya zan yi? Yanzu fa muka fito daga coci.”

“Wa ya ce ki yi ƙarya? Ke da mijinki da yaran nan uku, biyar ne ko ba biyar ba? Sauran baƙi ne. An hana mutum yin baƙi a ƙasar nan?”

“Baƙon da zai shekara?”

“Mu a wurinmu baƙo yana da ranar tafiya ne?”

Aka kwashe da dariya, har da Manase. Baba Siaosi bai yi ba, yana can ƙarshen tebur yana ɓare rogo da hannunsa mai lafiya. Hulita ta ce ita dai ba za ta iya ba. Kalolaine ta ce to madalla, idan an zo rushe gidan sai ta fito da gaskiyar tata su shiga ciki su kwana.

Sati biyu Hulita ta ƙara tana rubuta tara. Da ya rage saura sati uku a rushe gidan, sai suka je duba wani a Blacktown. Bene ne na jan bulo, tsoho amma mai ƙwari, ɗaki biyar na gaske da banɗaki biyu, ga fili a baya da bishiyar lemun tsami. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ɗaki ɗaya da ke ƙasa, taku huɗu tsakaninsa da banɗaki, ba matakala ko ɗaya. Ta tsaya a ƙofarsa har dillaliyar ta ce lokaci ya cika. Ranar Litinin a wurin aiki ta buɗe fom, ta zo kan layin nan, ta daɗe tana kallonsa, ta rubuta biyar. Ranar Laraba aka kira ta aka ce an ba su.

Dillaliyar sunanta Narelle, Baturiya ce da ta ba hamsin baya, mai gajeren gashi da tarin makullai a hannu. A ofis ta karanta musu yarjejeniyar shafi bayan shafi da muryar wadda ta karanta ta sau dubu. Da ta zo wurin adadin mutane ta ce, “Biyar, ko?” ba tare da ta ɗago ba. Hulita ta ce e, ta sa hannu. Manase ma ya sa.

Mazan coci suka kawo motoci biyu aka kwashe kaya a yini ɗaya. Tabarmin da Hulita ta gada take ajiyewa a ƙarƙashin katifa su kaɗai sai da ƙarti huɗu suka kama. Satin farko kamar biki. Ba layin banɗaki da safe. Lupe ta shiga ɗakinta na sama ta ga taga mai labule da ƙofa mai rufuwa, ta zauna a bakin gado ta yi ta hawaye. Manase ya haƙa bayan gida ya dasa gwaza. Saia ya kafa wa kakansa ƙarfen riƙewa a banɗaki, ya sayo masa kujerar wanka. Baba Siaosi ya sa aka fitar masa da kujera barandar gaba, ya zauna yana gaida duk wanda ya wuce.

Hulita ce kaɗai ba ta sake ba. Ta fito wata safiya ta ga takalma zube a ƙofa kamar bakin coci. Daga ranar ta ce kowa ya shiga da takalminsa ciki. Ta sa Saia ya riƙa ajiye motarsa a layin baya. Shara idan ta yi yawa sai ta zuba a but ɗin mota ta kai wurin aiki. Waƙar addu'ar yamma da suka saba rerawa da murya huɗu, ta ce a sassauta, maƙwabta na ji. Daga ƙarshe ta je ta sami mahaifinta a baranda.

“Baba, da ka koma baya. Can ya fi inuwa.”

“Nan ma akwai inuwa.”

“Can akwai lemo, ga gwazar Manase kana kallo.”

Ya dube ta na ɗan lokaci. “Gwaza ba ta amsa gaisuwa,” in ji shi. Amma ya miƙa mata hannu ta tashe shi, aka mayar da kujerar baya.

Wata uku da tarewa takarda ta zo: Narelle za ta zo duba gida ranar Alhamis, tsakanin tara na safe da ɗaya na rana. Hulita ta ɗauki hutun kwana ɗaya. Tun asuba aka fara. Aka kwance gadon jaririya aka cusa a mota, da kwalaben madara da ƙyallayenta. Aka cire ƙarfen banɗaki da kujerar wanka. Burushin haƙori tara aka mayar biyar. Ɗakin Baba aka kwashe magunguna da Littafinsa da hoton marigayiya, aka ɗora keken ɗinki a kan tebur. Sannan Saia ya ɗebi matarsa da 'yarsa da kakansa ya kai su filin shan iska da ke bayan tashar jirgi, da nufin awa ɗaya ce a dawo.

Watan Yuni ne, sanyi na shiga ƙashi. Narelle ba ta iso ba sai sha biyu da rabi. Ta zaga da wayarta tana ɗaukar hoto, ta duba silin, ta buɗe murhu, ta ce gida tsaf, ta tafi. Duka bai fi minti goma ba. Da motar Saia ta dawo, Hulita ta fita da murna za ta ce an tsallake, sai ta ga ɗanta ya kawar da kai. Bayin filin a kulle yake, tsohon ya riƙe fitsari har ya kasa. Yana zaune a kujerar gaba da bargon jaririya a cinyarsa, yana kallon gabansa. Manase ya kama shi suka shiga, Hulita ta haɗa ruwan zafi. Sati biyu tsohon ya yi yana tari.

Zuwa na biyu, a watan Satumba, gidan Kalolaine aka kai su. Awa biyar Baba Siaosi ya yi a falonta yana sauraron yadda dabararta ta ceci gidan ƙaninta, da yadda mutane ba sa godiya. Da ya dawo bai ci abinci ba, ya ce a ƙoshe yake.

Takarda ta uku ta zo a Disamba, ana tsakiyar zafi. Safiyar ranar aka yi duk abin da aka saba, har an iya, ba a ɗauki awa biyu ba. Saia ya tayar da mota, Lupe na ciki da jaririya. Hulita ta shiga ɗauko mahaifinta ta tarar ba ya ɗaki. Yana falo a kan babbar kujera, ya sa farar rigarsa da zanensa na zuwa coci, ya ɗaura tabarmar ƙugu irin ta adon mutanen Tonga, ya taje furfurarsa. Shi kaɗai ya yi wannan shiri da hannu ɗaya, Allah kaɗai ya san tun yaushe ya fara.

“Baba, mota na jira.”

“Su tafi.”

“Gidan Yaya ne fa, akwai na'urar sanyi.”

“Na ji. Ba ni zuwa.”

“Baba, don girman Allah, ƙarfe tara ta kusa.”

“Hulita, akuyar sata ce ni?”

Ta durƙusa a gabansa. Ta yi lallashi, ta yi magiya, ta ce wannan ne na ƙarshe, alhali ta san ba shi ne ba. Manase ya zo ya ce, “Baba, ka taimake mu, awa biyu ce kawai.” Tsohon ya ce shekararsa saba'in da tara, bai taɓa ɓuya wa mutum ba, ko wanda ya fi ƙarfinsa, sau biyu ya yi don 'yarsa kuma ya isa. In suna so su ɗauke shi da kujerar su fitar, ga shi nan. Saia ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi uwarsa, ya dubi kakansa. Ba mai iya taɓa shi. Suna nan tsaye cirko-cirko aka ƙwanƙwasa ƙofa. A ranar, da gidansu Narelle ta fara.

Ta shigo da makullanta, fuskarta ta yi ja don zafi. Kafin kowa ya buɗe baki Baba Siaosi ya dogara sanda ya miƙe, ya miƙa mata hannu, ya yi magana da Turancinsa na tsohon malamin firamare.

“Sannu da zuwa. Sunana Siaosi, ni ne uban matar gidan. A wancan ɗakin nake kwana. Wannan jikana ne, shi da iyalinsa suna sama.”

Narelle ta karɓi hannunsa. Ta dubi Hulita, ta dubi silin, ta saki dogon numfashi. Sai ta ce ko za a taimaka mata da ruwa. Ta zauna a hannun kujera, ta zare takalmi ɗaya tana murza ƙafa. Da Hulita ta kawo ruwan, ta fara cewa, “Dama baƙi ne, sun zo ne…” Narelle ta ɗaga mata hannu.

“Bari, 'yar uwa, kada ki wahalar da kanki. Tun zuwan farko na sani. Ga ramukan ƙusa a bangon banɗaki, ga tukunyar da ke kicin ɗinki wadda za a iya yi wa yaro wanka a ciki. Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki.”

“To me ya sa ba ki…”

“Abin da ban gani ba, ba dole na rubuta ba. Yanzu kuwa na gani, har ya gaishe ni.” Ta kurɓi ruwa. “Na taɓa rufa wa wasu asiri, da abin ya fito saura kaɗan na rasa aikina. Ina da haya a kaina ni ma. Dole na gaya wa mai gida.”

“Za a kore mu?”

“Ban sani ba. Ban taɓa ganinsa ba, a waya muke magana. Zan gaya masa ba ku taɓa makara ba, gidansa kuma ya fi yadda ya ba ku shi kyau. Iyakar abin da zan iya ke nan.”

Ta mayar da takalminta, ta zaga ta ɗauki hotunanta kamar kullum. Da za ta fita ta ce wa Saia ya mayar wa tsohon da ƙarfensa na banɗaki kafin ya faɗi.

Kwana huɗu Hulita ba ta san me take ci ba. A na biyar, tana hutun rabin awa, Narelle ta kira. Mai gida ya yi faɗa, da farko ya ce su fita. Ta yi ta fama da shi har ya sauko ya ce mutum bakwai, ba ƙari ko ɗaya, banɗaki biyu ne da shi ba otal ba. “Jaririyar ba zan ƙirga ta ba,” in ji Narelle, “wannan tsakanina da ke ne. Amma saura mutum ɗaya. Ya ba ku sati biyu, kuma ya ce na riƙa buɗe kowane ɗaki.”

Da yamma bayan addu'a aka zauna a falo, har Kalolaine ta zo. Saia ya ce shi zai fita, zai riƙa kwana a garejin Gwaggo Kalolaine, ya zo ganin iyalinsa ƙarshen mako. Lupe ta ƙara rungume 'yarta. Manase ya ce a'a, shi ya kamata ya tafi, dama a siton da yake aiki akwai kwalaye masu laushi, kuma ba mai yi masa faɗan munshari. Ba wanda ya yi dariya. Kalolaine ta ce ita ba ta ga abin tashin hankali ba, da mutum huɗu ake ɓoyewa, yanzu ɗaya ne, ai an ci riba.

“Ba wanda za a ƙara ɓoyewa,” in ji Baba Siaosi. “Ni zan tafi gida.”

“Wane gida?” in ji Hulita.

“Gida nawa gare ni? Kolonga, ƙauyenmu. Ƙanwata Tupou na nan, ɗakina na nan, uwarki na nan kwance. Na riga na yi magana da Tupou jiya.”

“Wa zai ba ka magani? Wa zai kai ka asibiti? In ka faɗi cikin…”

“Mutane na tsufa a can ma. Yaro ba zai bar matarsa da jinjira ya koma gareji saboda ni ba. Na gama magana.”

Washegari da ta dawo aiki ta same shi a bayan gida. Ta ɗauko kwano da ruwan ɗumi ta zauna a ƙasa tana yanke masa farcen ƙafa, kamar yadda take yi duk sati biyu. Can abin da ke ranta ya ƙwace mata.

“Da ka shiga motar nan, da duk wannan bai faru ba.”

“Haka ne.”

“Awa biyu kawai, Baba. Na yi wata uku ina yawo a titi kamar mahaukaciya. Saboda ɗakin nan na ƙasa na yi ƙarya, saboda kai. Ban taɓa sa hannu a kan ƙarya ba sai ranar.”

“Na sani.”

“To shi ne za ka tafi ka bar ni?”

Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kanta. Rabon da ya yi haka tun tana yarinya. “Kin gaji, 'yata,” in ji shi. “Tun da muka shigo gidan nan ban ji kin yi waƙa da muryarki ba. Ni ma na gaji. Ki ƙarasa mini wannan babban, yana kama safa.”

Ta sunkuya ta ƙarasa, hawaye na ɗiga a ruwan.

Ita ta raka shi, a farkon Janairu. Hutun kwana huɗu kawai ta samu. Gwaggo Tupou ta tarbe su da kuka da dariya, ta ce Ostareliya ta mayar mata da yaya fari kamar rogo. Gidan na nan yadda Hulita ta san shi, rufin kwano ya yi tsatsa, iskar teku na shiga ta ko'ina. Bayi a waje yake, taku talatin daga ɗaki, ta ƙirga. Ta zauna da jikar Tupou ta koya mata magunguna ɗaya bayan ɗaya, na safe da na yamma, ta rubuta a kwali ta manna a bango. Ta je kabarin mahaifiyarta ta share, ta zuba sabon yashi. Ranar da za ta tafi ta bar shi zaune a ƙarƙashin bishiyar mangwaro a bakin hanya, tsofaffi biyu sun zo suna gardamar wanda ya fi wani tsufa. Ya ɗaga mata sanda. Ba ta waiwaya sau biyu ba, don ta san in ta yi ba za ta shiga motar ba.

Ta sauka Sydney ranar Lahadi, Litinin ƙarfe shida tana wurin aiki.

Ba a yi sati uku ba Kalolaine ta kira. Ɗan wata ƙawarta zai zo daga Tonga neman aiki, yaro mai hankali, ba ya shan komai, tunda ga ɗaki a ƙasa ba kowa…

“Gida ya cika, Yaya.”

“Kamar yaya ya cika? Ba ɗakin tsoho…”

“Ya cika.”

Tun da Hulita ta auri Manase ba ta taɓa katse wa yayarsa magana ba. Kalolaine ta ce to, ta ji, ta kashe waya. Wata guda ba ta taka gidan ba, a coci ma sai dai a gaisa sama-sama. Manase ya sha faɗa a waya har kunnensa ya yi zafi, amma bai ce wa matarsa komai ba. Babbar 'yarsu ta nemi a ba ta ɗakin, Hulita ta ce a bari tukuna.

Da shekara ta cika a watan Maris, Narelle ta aiko da sabuwar yarjejeniya. Mutum bakwai, wata shida. Mai gida ya ce zai duba ya gani bayan nan, wata ƙila ɗansa zai yi aure. Hulita ta karanta a tsaye a kicin, ta sa hannu, ta miƙa wa Manase, ta ci gaba da yankan albasa.

Duk Lahadi da rana take kiran Kolonga. Layin ba shi da kyau, magana na zuwa tana yankewa, zakaru na cara a bayansa. Takan tambaye shi ko yana shan magani, ya ce yana sha. Ta tambayi ƙafar, ya ce tana nan inda take. Tupou ta karɓe wayar ta ce ƙarya yake yi, jiya an kama shi da rake alhali likita ya hana shi zaƙi, kuma ya faɗi sau ɗaya a hanyar bayi amma bai ji ciwo ba. Sai a ji shi daga nesa yana cewa a ba shi wayarsa, munafuka. A wata Lahadin ya ce ta aiko masa da batirin rediyo da man zafi idan an samu mai zuwa, na can ba su da ƙarfi. Ta ce to. Ya fara ba ta labarin wani kifi da aka kamo, layin ya ɗauke. Ta sake kira sau uku bai shiga ba. Ta ajiye wayar, ta je ta kwashe shanya kafin hadarin da ya taso ya sauko.